Tukunyar kokot da zakaran Pitowa: abin da na gani a wata takwas

Wata takwas ke nan da na sayi tukunyar nan mai dafa abinci da matsin tururi, wadda mu a nan Garwa, a arewacin Kamaru, muke kira kokot, kuma saboda kaza kaɗai na saye ta. A gidanmu ba a cin kazar gona sai in babu yadda za a yi. Maigida da kazar gida ya tashi. Inna, mahaifiyarsa, kuwa da ta ɗauki cinya ta ji ƙashin yana murmushewa a baki sai ta ajiye, ta ce wannan ba ta yi kwanan duniya ba. Gaskiyarta ne, domin kajin gonar da ake kiwo da yawa a yammacin ƙasar nan, wajen Bafusam, kwana 45 kacal suke yi a kai su kasuwa. Kazar gida kuma kowa ya san halinta: ga daɗi, amma sai an yi haƙuri da ita. Tsohon zakara yakan cinye mini awa biyu da rabi a kan wuta, ina ƙara ruwa ina sake ƙarawa har romon ya salance. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, tsayuwar awa biyu a madafa azaba ce. Ga gas, tulu mai kilo 12.5 da nake saye sefa 6,500 a da ba ya kai mini ƙarshen wata in an yi baƙi sau biyu.

Mai lita 8 na ɗauka, ta alminiyam mai kauri, a kan sefa 24,000 bayan doguwar tayayya a babbar kasuwa. Mai shagon dattijo ne, da zai miƙo mini ita ya ce, "Hajiya, abu biyu za ki riƙe. Kada ki cika ta, kada kuma ki buɗe ta tana huci." Na ce, "To Baba, na gode." Sai daga baya na gane nauyin maganar tasa.

Sirrin tukunyar ba wani boyayye ba ne. A tukunyar da muka saba da ita, ruwa in ya kai digiri 100 ya tafasa, ko itacen duniya za a tura masa ba zai wuce nan ba, sai dai ya ƙone. Ita kokot murfinta yana da zoben roba da ke toshe ko'ina, tururi ya rasa hanyar fita ya taru, sai zafin ciki ya hau zuwa wajen digiri 115 ko 120. Wannan ƙarin zafin shi ke narkar da jijiyoyin da suka sa naman tsohuwar kaza tauri, su koma romo mai kauri da ke manne wa leɓe.

Gwajin farko da zakaran kasuwar Pitowa, wani gari kusa da Garwa, na yi shi. Ranar Lahadi ce kasuwar ke ci, maigida ya je ya dawo da wani jan zakara ɗaure a bayan babur, farcen nan na bayan ƙafarsa ya kai rabin ɗan yatsana tsawo, alamar ya kwana biyu yana cara. Ya yanka, na fige da ruwan zafi, na babbake ragowar gashin a kan gawayi har fatar ta ɗan yi ja, domin wannan ƙaurin babbakar rabin daɗin farfesu ne. Na wanke da lemun tsami, na yayyanka. A cikin tukunyar, ba tare da murfi ba, na soya albasa biyu a man gyaɗa cokali uku, na zuba naman na juya shi har ya kama jikinsa. Sannan na zuba dakakkiyar citta da tafarnuwa da kanumfari da masoro, attarugu uku, ɗan ƙullin daddawa, gishiri, da ruwa kofi biyu kawai. Hannuna ya so ya ƙara ruwa saboda sabo, na hana shi. Na rufe, na murɗa murfin har ya kama. Bayan kamar minti goma sai ɗan ƙarfen da ke saman murfin ya fara juyawa yana tsaki, na rage wuta na duba agogo. Minti 35 na ba shi, na kashe, na bar ta ta huce da kanta.

Da na buɗe, cokali na sa na taɓa cinyar, naman ya rabu da ƙashi ba tare da ya dagargaje ba. Romon ya yi kauri, mai yana yawo a samansa ja-ja. Na kai wa Inna nata da tuwon dawa. Ta ci shiru, ta tsotse ƙashin wuya tas, sannan ta ce, "'Yar nan, yaushe kika ɗora wannan?" Na ce, "Bayan la'asar, Inna." Ta ce, "Allah ya yi miki albarka." Ba ta ƙara komai ba, ni kuwa ranar na san kuɗina bai tafi a banza ba.

Sai dai tukunyar tana da nata sharuɗɗan, kuma sau biyu ta koya mini su da tsada. Na farko, wata rana baƙi suka zo ba shiri, aka sayo kazar gona, na ba ta minti 25. Abin da na tarar ya fi kama da fate: ƙirjin ya zama zare-zare, ƙasusuwa sun watse cikin romo, dole na tsince su ɗaya bayan ɗaya na mayar da naman dambu. Kazar gona minti 10 zuwa 12 ya ishe ta, in ma ba gaggawa ake yi ba tukunyar yau da kullum ta fi dacewa da ita. Na biyun ya fi ba ni tsoro. Na haɗa kazar da wake na cika tukunyar kusan baki, kumfa ta hau ta toshe ƙofar tururin, tsakin ya ɗauke, sai ga romo yana feshi ta ƙaramar ƙofar kariya har bango. Na kashe wuta na janye yara, ba abin da ya sami kowa, alhamdu lillahi. Ka'idar ita ce kada abin da ke ciki ya wuce kashi biyu cikin uku, in mai kumfa ne kamar wake kada ya wuce rabi. Kuka da kuɓewa kuwa ba sa shiga kokot ko kusa. A dafa naman a ciki, a juye a wata tukunyar a kaɗa miya. Yanzu kafin kowane girki sai na ɗaga murfin sama na leƙa ramin, in ban hango haske ba na zura tsinke.

Abin da ya ɓata mini rai da ita shi ne zoben roba. Wata biyar kawai ya yi ya saki, tururi ya riƙa zuba ta gefe, naman ya ƙi nuna. Shago huɗu na zaga kafin na sami daidai bakinta, sefa 2,500. Duk wadda za ta saya, ta tambayi zobe na biyu tun a ranar, kuma ta tabbata irin tukunyar da ake samun kayanta a gari ce.

Ba a gida kaɗai muke cin kaza ba, kuma cin na waje ne ya nuna mini iyakar kokot. Akwai wani mai gashi a bakin titi da muke zuwa bayan isha'i. Rabin ganga ce murhunsa, da ragar ƙarfe a kai. Yakan tsaga kazar ta baya ya baje ta kamar littafi, ya ɗora nesa da garwashin da ya fi ruruwa, yana shafa mata man gyaɗa yana juyawa, man yana ɗiga a wuta hayaƙi na tashi yana komawa jikin naman. In ta yi, ya sassara a kan katako, ya barbaɗa yajin ƙuli, ya yanka albasa da tumatir, ya naɗe a takarda. Kafin mu isa gida takardar ta jiƙe da mai. Wannan ƙamshin hayaƙin da ƙamas-ƙamas ɗin fata, tururi ba zai taɓa ba da su ba. Aibinsa ɗaya: ranar da layi ya yi tsawo yakan yi sauri, sau ɗaya na tarar da ja a gaɓar cinya. Na mayar masa, ya karɓa ba musu ya ce, "Yi haƙuri Hajiya," ya sake ɗorawa. Kaza ba naman da ake ci da saura ba ce. In an soki cinya ruwan da zai fito ya zama fari tas, masu ma'aunin zafi kuma suna neman digiri 74 a tsakiyar naman.

Ɗaya wurin gidan abinci ne na mutanen kudu, inda ƙanwata ta kai ni cin Poulet DG, wato kazar babban darakta, sunan da ya samo asali daga cewa da can sai manyan ma'aikata ke iya sayenta. Kafin mu zauna na tambayi wanda ya yanka kazar, matar ta ce daga wurin mahautan kasuwa Musulmi suke karɓa, sannan hankalina ya kwanta. Tambayar ta fi sauƙin amsawa yanzu, tun da aka hana shigo da daskararrun kaji daga Turai wajen 2006, bayan gangamin da ACDIC, ƙungiyar kare muradun jama'a ta marigayi Bernard Njonga, ta yi; kafin nan cinyoyi ne a kwali ba wanda ya san asalinsu. Mun jira kusan awa guda. Farantin ya zo da kyan gani: soyayyiyar agada nunanniya, karas, koren wake, tattasai, duk an haɗe su da kazar cikin miyar tumatir. Agadar ta yi daɗi ƙwarai, zaƙinta ya ratsa miyar, ga ƙamshin farin barkonon garin Penja na kudu. Kazar ce ta gaza. An soya ta tun da rana aka sake ɗumamawa, ƙirjin ya bushe sai an kora da ruwa, magi kuma ya danne komai. Sefa 9,000 muka biya mu biyu, kuɗin zakaru biyu a Pitowa.

Na dawo gida da abin a raina, satin da ya biyo baya na gwada nawa. Na dafa kazar gida a kokot minti 25 kawai, don kada ta yi laushin da za ta kasa jure suya, na tsame na bar ta ta sha iska, na soya sama-sama, na haɗa da agada da kayan lambu, romon da ya rage a tukunyar na yi miyar da shi. Ya fi na gidan abincin nesa ba kusa ba, kuma romon nan ne ya kawo bambancin. Haka na yi da gashi: minti 20 a kokot da kayan ƙamshi, sannan minti 15 a kan gawayi ina shafa mai da yaji. Bai kamo na mai gashin bakin titi ba, don fatar da ta sha tururi ba ta yin ƙamas kamar wadda ta hau wuta ɗanya, amma a karon farko yara sun ci gasasshen zakaran gida ba su yi ta ja da haƙori ba.

Hanta ba na sa ta a kokot, narkewa take yi ta ɓata romo. A gefe nake soya ta. Ƙundu kuwa tare da naman yake shiga, ya fito da laushi, na maigida ne kamar yadda aka saba. Tulun gas ɗina yanzu yana kai wata har da 'yan kwanaki. Inna ta aika ƙauye a kawo mata zabi biyu, ta ce tana so ta ga ko tukunyar za ta iya da su, na riga na sayi zoben roba na ajiya na rataye a bayan ƙofar madafa.