Makarantar mishan ko ta gwamnati?

Tun da na kai 'yata makarantar Katolika ta kwana a birni mutanen garinmu nan Sumaila suka ishe ni da tambaya, wai wacce ta fi.

Kuɗi dai ba a magana, mishan akwai tsada, zangon farko sai da na sayar da akuya biyu, ita kuwa ta gwamnati tun 2019 Kano ta ce ilimi kyauta ne, ko da yake littafi da yunifom suna kanka.

Inda mishan ta burge ni cuɗanya ce, a ɗakin kwanansu akwai Ibo, Yarbawa, 'yan kudancin Kaduna, har da Hausawa Kiristoci 'ya'yan Maguzawa masu Hausa irin tamu, yarinya ta dawo hutu tana gaishe da kakarta da "kedu" tsohuwa ta ce mene ne kuma wannan. A ta gwamnati kuwa duk 'yan gida ne, malam ya san uban kowa.

Maganar sallah, azumi da hijabi a mishan kuwa, ka zauna da shugabar makaranta kafin ka biya ko sisi, tsarinsu ba ɗaya ba ne.

Mai hali da yake son yaro ya saba da kowace ƙabila, mishan. Wanda yake son ɗansa a gabansa, boko da safe islamiyya da yamma, ta gwamnati ta ishe shi.