Kafaffiyar Hanya ko Mai Sauyawa: Wacce Rauta Za Ta Bi?

Idan injiniya ya rubuta wa rauta (na'urar da ke tura saƙonni tsakanin hanyoyin sadarwar kwamfuta) hanya da hannunsa, ta zauna kenan daram: saƙon da za shi wuri kaza, ta ƙofa kaza zai fita. Wannan ita ce kafaffiyar hanya, kuma ba ta cin ƙwaƙwalwar na'ura sosai. A ƙaramin ofis mai mafita ɗaya zuwa intanet, ni ita nake zaɓa. Aibinta yana fitowa ranar da waya ta tsinke can gaba: rauta ba ta da labari, sai ta yi ta zuba saƙonni a rami har wani ya zo ya gyara.

Mai sauyawa kuwa, rautoci ne ke ba juna labari. Akwai tsare-tsaren da suke bi wajen yin haka, kamar RIP da OSPF. RIP zango take ƙirgawa, wato yawan rautocin da saƙo zai ratsa, tana sanar da maƙwabta duk daƙiƙa 30, kuma ba ta wuce zango 15. OSPF ta fi ta wayo nesa ba kusa ba: kowace rauta na riƙe da taswirar yankinta, ta duba ƙarfin kowane layi, ta fitar da hanya mafi sauƙi. Layi na mutuwa a sake lissafi. Sai dai saitinta na son haƙuri.

In kafaffiyar hanya da ta OSPF suka nuna wuri ɗaya, rautar kamfanin Cisco kafaffiyar take bi: kowace irin hanya tana da lambar fifiko, ta kafaffiyar 1, ta OSPF 110, ƙaramar lamba ke rinjaye.