Bakin tsofaffi ko takardun Kaduna: ta ina mai neman asalin gidansu a Jos zai fara?

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya yi tambaya shekaranjiya. Ya ce kakan mahaifinsa ya sauka Jos zamanin haƙar kuza, a unguwar Gangare aka haifi kakansa, amma yau in ka tambayi 'yan gidan daga wane gari tsohon ya taso, wannan ya ce Kano, wancan ya ce Katsina. Yana da hutun mako biyu da ɗan guzuri, yana so ya san wanne ya fi: ya zauna da tsofaffin gidansu, ko ya hau mota zuwa Kaduna ya binciki takardun Turawa. Malam, na bi hanyoyin nan biyu a kan namu gidan, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Ka fara da tsofaffi. Takardun da ke gidan adana tarihi na ƙasa a Kaduna sun shekara fiye da sittin suna jiran mai zuwa, za su ƙara jiranka shekara ɗaya. Gwaggonka mai shekara tamanin da biyar kuwa ba ka da tabbacin za ka same ta bayan Sallah. Wannan dalili kaɗai ya isa. Amma tunda kwatanci ka nema, bari mu ɗora su a sikeli.

Maganar suna ita ce ta farko, kuma a nan takarda ke ba mutum kunya. Kakanninmu ba su da sunan iyali irin na Turawa. Mutum Audu ne, sai a jingina shi da ubansa, ko sana'arsa, ko garinsu. Dubi mazaɓun Jos ta Arewa ma: Ali Kazaure, Ibrahim Katsina. Sunan mutum da inda ya fito a haɗe. To a barikin kuza akawu zai rubuta "Audu Kano", alhali Kano ɗin na iya zama kowane ƙauye a faɗin masarautar, kuma masu wannan suna ba su ƙirguwa. Bature ya fi damuwa da yawan lebura, da nauyin kuzar da aka fitar, da harajin da aka tara. Sunayen da za ka tarar a fayil na sarakuna ne, da masu unguwa, alƙalai, 'yan kwangila, ma'aikatan En'e, da wanda ya nemi fili ko shari'a ta kai shi gaban Joji. In kakanka kwano ya ɗauka a Bukuru ko Barikin Ladi, da wuya ka ga sunansa. A bakin tsohuwa kuwa za ka ji sunan yanka, da laƙabin da abokai suka sa masa, da sunan da matansa ke sakaya shi da shi, har da kirarin da maroƙa ke yi wa gidan ranar biki. Kirarin nan kada ka raina shi, sau da yawa sunan gari na ciki.

A kan shekara kuwa baki ne mai rauni. Tsoho zai ce maka "tun zamanin Turawa", wanda ya haɗe shekaru kusan sittin a kalma uku. Dabarar ita ce kada ka tambayi shekara, ka tambayi abin da ya faru, sannan ka bar littafi ya ba ka lamba. Turawan kamfanin Neja sun kafa sansani a Naraguta, kusa da Jos, wajen 1904. Ƙaramin jirgin ƙasan nan da ya taso daga Zariya ya iso a 1914, aka rufe layinsa a 1957. Babban layin da ya biyo ta Kafanchan ya shigo Jos a 1927. Ɗiban gwamna, wato aikin tilas da aka yi ta kwaso mutane daga lardunan Arewa bayan Japan ta ƙwace Malaya da kuzarta, daga 1942 ne zuwa 1944. Sarauniyar Ingila ta zo Jos a 1956. In aka ce maka tsohon a ɗiban gwamna ya zo ya ƙi komawa, ka sami shekararsa ke nan ba tare da ka buɗe fayil ba. In aka ce ya riga jirgi zuwa, kana cikin gidajen farko.

Namu gidan, mazan duk sun tafi a kan cewa kakanmu malami ne daga birnin Kano. Sai da na zauna da ƙanwar mahaifina kwana uku a jere, ina taya ta tsinkar zogale, sannan ta ce min a'a. Daga wani ƙauye a ƙasar Kazaure ya taso shekarar yunwar Kakalaba, da jakuna yana kawo dawa bariki, karatun a nan Jos ya yi shi da girmansa. Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ce. Ta ce in tuna askar da ke fuskarsa a hoton nan guda da ya rage, in kai wa tsohon wanzami ya faɗa min ta wace ƙasa ce. Mata sun fi riƙe irin wannan, domin su ne ke zuwa suna da biki da ta'aziyya, su suka san wa ya auri wa, wace ce aka saka, wane yaro aka ba riƙo. Wanda ya tsaya a zaure bai shiga cikin gida ba, rabin labari ya ji.

Sai dai baki na da ciwonsa, kuma gara in faɗa maka shi tun yanzu. Kowane gida so yake a ce jinin malamai ne ko na sarauta. Ana binne zancen bauta, ana binne zancen rigimar da ta raba mutum da garinsu, wani lokacin a manta da kakar da aka auro daga ƙabilar Anaguta ko Afizere ko Berom, kamar ba ita ta haifi rabin gidan ba. Abin nan na ƙarshe yana yi min ciwo, don a gari irin namu sanin cewa jini ya gauraya tun tuni alheri ne. In ka ci karo da irin wannan, kada ka tsare tsoho da tambaya a gaban 'ya'yansa. Ka ji daga mutum uku, kowa shi kaɗai, ka rubuta inda suka haɗu da inda suka saɓa.

To me Kaduna za ta ba ka? Duniyar da kakanka ya rayu a ciki. Rahoton Razdan da na Di'o, lissafin haraji unguwa-unguwa, yadda aka yanka filayen garin, kuɗin lebura, inda hatsi ke fitowa. Ni ban ga sunan kakana ko sau ɗaya ba, amma na fahimci me ya sa mai jaki zai baro ƙasar Kazaure ya nufo tsauni. Abu guda ka riƙe: sai a 1926 aka kafa lardin Filato. Kafin nan Jos na ƙarƙashin lardin Bauchi, a gundumar Naraguta, don haka wanda ya zo da wuri a fayilolin Bauchi za ka nemi zamaninsa, ba a na Jos kaɗai ba. Ka leƙa Arewa House, cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna, tunda kana garin. A nan gida ma gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana da tarin rubuce-rubucen Larabci na da. Kuma ka tuna Bature ta bakin tafinta ya ji komai, sunayenmu yadda kunnensa ya ba shi ya rubuta su.

Akwai takardar da ta fi ta Kaduna amfani a wurina, ita ce ta cikin adakar gida. Rasit na haraji, takardar fili, katin aiki, bangon Alƙur'ani inda malamai ke rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu, da takardar rabon gado ta alƙali. Ta rabon gado ba ta ƙawata kowa, dole ta lissafa magada duka. A wadda muka samo wurin baffana, da ajami, muka ga sunan wata 'ya da ba wanda ya taɓa ambata mana, ashe can ƙauye aka mai da ita aure. Jikokinta ne suka nuna mana kangon gidan. Gidaje da yawa sun rasa irin waɗannan takardu a gobarar rikicin Jos na 2001 da 2008 da 2010, don haka duk wadda ka samu ka ɗauki hotonta da waya nan take, ka tura wa 'yan'uwa biyu ko uku.

Gwajin ƙwayar halitta da ake tura yawu Amurka, yanki zai nuna maka, ba zai faɗa maka sunan ƙauye ba. Ka ajiye kuɗin ka sayi goro da turmin atamfa.

Da ni ne kai, kwana goma zan ba tsofaffi, huɗu Kaduna. Kada ka hau motar sai kana riƙe da cikakken sunansa da laƙabinsa, da barikin ko unguwar da ya fara sauka, da mai gidan da ya sauke shi, da abin da ya faru shekarar da ya zo. Mai masaukin nan ka matsa a kansa sosai, don baƙo a lokacin wurin ɗan garinsu yake sauka. In ka gano gidan da ya fara kwana a Gangare, ka je ka gaishe su, ka tambaye su daga ina nasu kakan ya taso.