Wace Yarjejeniya Ya Kamata Injiniya Mai Ba Da Shawara Ya Sa Wa Hannu?

Injiniya ko mai zanen gini da aka ɗauka don ya ba da shawara, galibi ɗaya daga cikin takardu uku ake miƙo masa: Farin Littafin FIDIC (ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya), ko NEC4 (wani tsararren samfurin yarjejeniya na Birtaniya), ko wadda lauyan mai aiki, wato wanda ya ɗauke shi aikin, ya tsara da kansa. Kafin ka duba nawa za a biya ka, duba wanda za a kama ranar da bango ya tsage.

Ni dai Farin Littafi na fi yarda da shi, bugu na biyar na 2017. Sashe na 3.3 ya ce abin da ke kanka shi ne ƙwarewa da kulawa irin wadda ake tsammani daga gwanin da ya saba da aiki mai girma da wahala irin wannan. Ka ga ba ka yi alkawarin gini ba zai taɓa samun matsala ba, sai an tabbatar ka yi sakaci kafin a ce ka biya. Wannan kuwa shi ne daidai abin da inshorar kuskuren sana'a take ɗauka. Sashe na 8 ya ba ka damar rubuta iyakar diyya da shekarun da alhaki zai ƙare, kuma in laifin naku ne kai da ɗan kwangila, kasonka kaɗai za ka biya. In babu wannan sharaɗi, ɗan kwangila ya durƙushe, kai mai inshora za a bi da dukkan asarar.

NEC4 ba laifi, amma yawan sanarwa da wa'adin mako takwas na neman ƙarin kuɗi sun fi ƙarfin ƙaramin ofis. Ta lauyan mai aiki kuwa, don kare mai aiki aka rubuta ta.

Sai dai a yi hattara, ba duk takarda mai sunan FIDIC a bango ba ce FIDIC a ciki. Ana barin sharuɗɗan asali yadda suke, sannan a cusa sharuɗɗa na musamman a baya waɗanda suka rinjaye su. Karanta waɗannan da farko, har da rataye-ratayen bayanin aiki, layi bayan layi. Duk inda ka ga "zai tabbatar", "ya lamunce" ko "zai dace da manufar da aka yi shi dominta", soke shi, don yawancin kamfanonin inshora ba sa biyan irin wannan alkawari. A 2017 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ɗora wa kamfanin MT Højgaard alhakin tushen injinan wutar iska na tashar Robin Rigg da ke cikin teku a Birtaniya da suka lalace, duk da ya bi ƙa'idar zane da aka ce ya bi. Ashe ƙa'idar ce ke da kuskure, amma wani layi a cikin bayanin aiki ya ce tushen zai yi shekara 20. MT Højgaard ɗan kwangila ne, gaskiya, amma irin wannan layi ake sako wa masu ba da shawara yanzu.

Inshorar ma tana da nata tarko. Shekarar da aka kawo ƙara take kallo, ba shekarar da ka yi zane ba, saboda haka ko ka rufe ofis dole ka ci gaba da biya har wa'adin alhaki ya cika. Tun bayan gobarar Grenfell, wani dogon benen gidajen zama a Landan, a 2017, kamfanonin inshora da yawa suka cire abin da ya shafi kariyar gobara da rufin jikin gini, sannan dokar Ingila ta 2022 ta ba da damar kai ƙara kan gidajen zama har shekara 30 baya.

Kada ka karɓi hoton takardar inshora daga ƙaramin injiniyan da ka ba wani ɓangare na aikin. Akwai ta jabu, akwai wadda ta ƙare aka gyara kwanan wata. Kira kamfanin inshorar da kanka, ka tambayi lambar takardar, abin da aka cire, da ko adadin kuɗin da inshorar za ta biya na kowace ƙara ne ko na shekarar gaba ɗaya.