Shagon riɗi na bakin Dawanau: abin da na gani

Masu tambayata inda nake sayen riɗi da man riɗi, wani ɗan shago ne a bakin kasuwar Dawanau nan Kano, ba wani babba ba ne amma gaskiya mutumin ya san kayansa. Abin da ya sa nake komawa wajensa shi ne ba ya cakuɗa iri, fari buhunsa daban, ja daban, baƙi daban, kuma in ka tambaye shi zai gaya maka daga ina aka kawo, wannan na wajen Maigatari ne a Jigawa, wancan daga Nasarawa ko Binuwai. Yawancin masu awo fa haɗe maka za su yi a mudu ɗaya su ce ai riɗi riɗi ne, alhali ba haka ba ne wallahi.

Farin nan na Jigawa ƙwayarsa ta fi haske, ba ɗaci, shi ne na kantu, ka soya shi sama-sama har ya fara tsalle a kasko sannan ka zuba a narkakken suga ko zuma, ƙamshi har maƙwabta. Irinsa ne ma 'yan kasuwa ke rububi suna fitarwa Japan da Turkiyya da China. Jan kuma ya fi ƙarfin ɗanɗano, ni a miyar taushe na fi son sa. Baƙin yana da ɗan ɗaci-ɗaci, yara ba su cika so ba, sai dai a daka a zuba a kunu. Har irin da cibiyar binciken amfanin gona ta Badeggi a jihar Neja ta fitar, wanda ake ce wa NCRIBEN, yana samowa manoma lokacin shuka, kuma na ji daɗi da bai watsar da na gargajiya ba don kowane iri da ƙasar da ya saba da ita, in duk muka koma iri ɗaya saboda kasuwar waje ranar da cuta ta kama shi to fa kowa ya shiga uku.

Abin da ya fi burge ni shi ne yana sayar da wanda ba a surfa ba. Riɗi kusan rabinsa mai ne, furotin kusan gram 18 a cikin gram 100, ga sinadarin ƙarfe mai taimaka wa jini, amma kalsiyam ɗin nan mai ƙarfafa ƙashi da ake ta yabo yawancinsa a ɓawon yake, in aka surfe don ya yi fari fat an zubar da mafi yawansa. Don Allah masu shayarwa da masu tsofaffi a gida ku riƙa tambayar mai ɓawo, kuma a daka shi, in aka haɗiye ƙwayar haka nan wucewa kawai take yi.

Man nasa ma mai kyau ne, ba a sirka da man gyaɗa ba, kuma yana daɗewa bai canza wari ba, dama haka man riɗi yake.

Inda nake da ƙorafi, jan riɗin akwai yashi da 'yan tsakuwa, dole sai ka rairaye ka wanke ka shanya kafin ka taɓa shi, kuma murfin robar man yana yoyo, ka riƙe ta a tsaye in za ka hau Keke Napep. Kuɗinsa ma ya ɗan ɗara na cikin kasuwa, na yi masa magana a kan yashin ya ce zai sa a riƙa tankaɗewa kafin a zuba a buhu.