Gargaɗi kan mai sayar da maganin ciwon gwiwa a Facebook

Naira 85,000 na tura wa mutumin nan, jama'a. Dubu tamanin da biyar, kuɗin da nake tarawa na haya, saboda gwiwar Hajiyarmu da ta hana ta ko sujada.

Kada wani ya zo yana ce min na yi garaje. Na yi bincike a kan abubuwan da ya ce ya haɗa maganin da su. Kurkum yana da sinadarin kurkumin da ke rage kumburi, habbatus sauda ma an yi nazari a kanta, hano kuwa tun kakanninmu ake jiƙa ɓawonsa. Duk wannan gaskiya ne, kuma da gaskiyar ya kama ni. Har ya ce min kurkumin ba ya shiga jini sosai sai an haɗa shi da masoro. Wanda ya san wannan, ta yaya zan ce ɗan damfara ne? "Yaya, mahaifiyarka mahaifiyata ce." Haka ya faɗa a waya, muryarsa a sanyaye. Wallahi har yanzu kalmar nan tana min yawo a ka.

Da Hajiya ta fara shan maganin, fuskarta ta fara cika, sai muka ce sauƙi ne. Kafin nan ma ya karɓi 40,000 na zagaye na biyu, wai mai wanke jini da kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. 45,000 na farko, 40,000 na biyu. Ciwon ya ɗauke da wuri kamar an zare ƙaya, Hajiya har albarka take sa masa.

Sai sukarinta ya hau. Likita na ganin kumatunta ya tambayi me take sha. Ya buɗe ƙwanson maganin ɗaya a kan takarda: garin rawaya ne, da ɓarɓashin farar ƙwaya a ciki. Ya ce alamunta irin na mai shan ƙwayar deksa (dexamethasone) ne, wanda wasu ke sha don ƙiba, kuma ba a yanke shi lokaci guda, sai a hankali. Lambar NAFDAC da ke jikin robar na duba, babu ita a rajistarsu. Shi kuma mai maganin ya toshe layina.

Mahaifiyarka mahaifiyata ce, wai! 85,000, ga kuɗin asibiti.

Hotunan hirarmu da shaidar tura kuɗin suna nan, zan ɗora anjima in na huce. In kun saya, ku kai wa likita robar yau.