Kafin ka sayi wasan RPG a Yamai, duba bugun faifan da na'urar da za ta ɗauke shi

A ɗakunan wasa na unguwannin Yamai ƙwallon ƙafa ce ke mulki, domin wasa ɗaya yana ƙarewa cikin mintuna kaɗan, mai manet, wato abin da ake riƙewa a sarrafa wasan, ya miƙa wa na bayansa. Wasan RPG kuwa, wanda mutum ke shiga rigar jarumi guda, ya raine shi daga rauni zuwa ƙarfi, ya zaɓar masa makami da abokan tafiya da amsar da zai bayar a zance, yana cin makonni ko watanni, saboda haka a gida ake yin sa, kuma sai mutum ya mallaki nasa. Sabon wasa a Turai yakan kai yuro 70 zuwa 80, kuma tun da yuro ɗaya yana daidai da sefa 656 in an cike, kuɗin ya kama daga jikka 46 zuwa sama da jikka 52, kafin ɗan kasuwa ya ɗora ribarsa. Wanda zai fitar da wannan kuɗi ya cancanci ya san abin da ke cikin kwalin.

Abin da na fi so mai saye ya riƙe shi ne cewa sunan wasa ɗaya yana iya ɓoye kaya biyu mabambanta. Akwai faifan ranar farko, wanda aka buga da duk tangarɗar da masu shirya shi ba su samu lokacin gyarawa ba, suna dogaro da cewa mai saye zai sauke gyaran daga intanet. Akwai kuma bugun da ake sake fitarwa bayan shekara ɗaya ko fiye, wanda aka zuba gyare-gyaren da ƙarin labarai a cikin faifan kansa. Ga wanda ke da intanet ta waya mara iyaka a gidansa bambancin ƙarami ne, amma ga wanda ke sayen gigabayit da kuɗin aljihunsa, yana raba wa na'urar daga wayarsa, gyara ɗaya mai gigabayit 30 ko 40 yana iya cinye abin da ya ware wa intanet na wata guda.

Cyberpunk 2077 shi ne misalin da ya fi fito da wannan magana fili. Kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Folan ya fitar da shi a ranar 10 ga Disamba 2020, kuma a kan PlayStation 4 ya zo da matsaloli masu yawa: hoto yana tsinkewa, mutane da motoci suna bayyana kwatsam a gaban mai wasa, wasan yana rufe kansa. Cikin kwanaki kaɗan Sony ta cire shi daga shagonta na intanet, kuma bai koma ba sai a watan Yuni 2021. Daga baya an gyara shi sosai, amma babban gyaran da ake kira 2.0 da ƙarin labarin Phantom Liberty, waɗanda suka fito a Satumba 2023, sun zo ne a PlayStation 5 da Xbox Series da kwamfuta, ba su zo a PlayStation 4 ba. Don haka yabon da ake yi wa wasan a yau gaskiya ne, sai dai ba ya shafar tsohon faifan PS4 da za ka gani a kasuwa da araha. Idan na'urarka PS4 ce, musamman ƙirar farko, shawarata ita ce ka wuce shi.

Daga wannan kamfani dai The Witcher 3 ya fito a watan Mayu 2015, kuma shi ne zan fara ambata wa duk wanda ya tambaye ni a fada. Labarin wani mafarauci ne mai suna Geralt da ke neman yarinyar da ya raina, Ciri, a cikin ƙasashen da yaƙi ya ɗaiɗaita, kuma ƙarfin wasan yana cikin ƙananan ayyukan da ƙauyawa ke kawo masa, inda sau da yawa babu zaɓin da zai bar kowa cikin farin ciki. Bugun Game of the Year na 2016 ya haɗa da ƙarin labarai biyu, Hearts of Stone da Blood and Wine, a cikin faifan, kuma wanda ya bi komai a hankali zai wuce awa 100. Ana magana da Faransanci a cikinsa. Tangarɗarsa da ta yi suna ita ce ta dokin Geralt, wanda a Faransanci ake kira Ablette, da kan bayyana a saman rufin gida ko ya maƙale a shinge idan aka kira shi, abin da ba ya hana labari tafiya. A kula da abu biyu. A kan PS4, ajiyar da aka yi da faifan 2015, wato adana inda mai wasa ya tsaya, ba ta buɗuwa da bugun 2016, don haka wanda ya fara da na aro zai koma farko. Sannan wasan na manya ne, yana ɗauke da alamar PEGI 18, wato alamar Turai da ke nuna na ƴan shekara 18 zuwa sama ne, akwai tsiraici da giya da zubar da jini, kuma bai dace a kunna shi a falon da yara da iyaye ke zaune ba.

Skyrim na kamfanin Bethesda ya girme shi, domin ya fito a ranar 11 ga Nuwamba 2011, kuma abin da yake sayarwa daban ne. Labarinsa bai kai na The Witcher 3 zurfi ba, amma yana sakin mai wasa ya tafi inda ya ga dama, ya zama maharbi ko maƙeri ko ɗan fatauci, ya manta da babban labarin har tsawon wata. Tangarɗarsa iri biyu ce. Akwai mai ban dariya, kamar ƙaton da ke dukan jarumi da kulki ya cilla shi sararin sama, ko dokin da ke hawan dutse a tsaye. Akwai kuma mai ɓata rai, inda wanda ya kamata ya ba ka aiki na gaba ya ƙi magana ko ya ɓace, aikin ya tsaya cak. A kwamfuta ana iya warware irin wannan da rubuta umarni ko da gyaran da masoya wasan suka shirya da kansu, amma a na'urar wasa maganin da ya fi tabbas shi ne ajiya da yawa a gurabe dabam-dabam, ta yadda za a iya komawa baya. A nemi Special Edition na 2016, wanda ya ƙunshi ƙarin labarai uku. Na PlayStation 3 an san shi da yin nauyi yayin da ajiya ke girma.

Elden Ring na kamfanin FromSoftware na Japan, wanda ya fito a Fabrairu 2022, yana aiki a PS4 da PS5, kuma ana iya yin sa ba tare da intanet ba. Kyakkyawan wasa ne mai tsanani, wanda abokin gaba ɗaya zai iya kashe ka sau 20 kafin ka gane salonsa. Abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne ba shi da maɓallin dakatarwa irin na sauran wasanni, don haka idan aka kira salla ko aka aike ka a tsakiyar faɗa, sai dai ka fita daga wasan. Rubutunsa yana da Faransanci, muryoyin kuwa Ingilishi ne. Ga ƙanne da ƴaƴa, ko ga wanda yatsunsa ba su saba da manet ba, Dragon Quest XI S ya fi dacewa: faɗan bi da bi ne, kana da lokacin tunani kafin kowane bugu, alamarsa PEGI 12 ce, kuma yana cikin wasannin da ba a cika jin koke a kan tangarɗarsu ba. Baldur's Gate 3 na 2023 ma bi da bi ne, kuma ya fi duka faɗin zaɓi, amma babu shi a PS4, yana neman wuri mai gigabayit 150 a kwamfuta, kuma na manya ne.

Mai waya kaɗai zai ji ana yabon Genshin Impact, wanda ya fito a 2020 kuma saukarsa kyauta ce. Ba ya buɗuwa sai da intanet a kowane lokaci, yana cin wuri mai yawa, yana zafafa waya, kuma ana samun sababbin jarumai ne ta hanyar ƙuri'ar da ake iya sayen damarta da kuɗi, tsarin da ya yi kusa da caca har ba na son ganin sa a hannun yaro mai asusun kuɗi a wayarsa. Mai ƙaramar kwamfuta kuwa ya duba Aurion: Legacy of the Kori-Odan, wanda Kiro'o Games na Kamaru ya fitar a 2016, labarin wani sarki da matarsa da aka ƙwace wa sarauta. Hotonsa zane ne mara nauyi, kuma abin farin ciki ne a ga tufafi da sunaye na nahiyarmu a irin wannan wasa.

Wani kaso na abin da ake ɗora wa wasanni a nan laifin ɗakin ne. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, na'urar da ƙurar hunturu ta toshe wa hanyar iska takan yi ƙara kamar injin niƙa, hoto ya riƙa sarƙewa, daga bisani ta kashe kanta. Ɗaukewar wuta ta fi haka illa: na taɓa rasa ajiyar kusan wata biyu domin wuta ta tafi daidai lokacin da na'urar ke rubuta ta, kuma tun daga ranar nake kwafe ajiyata a kan kile USB, abin da PS4 ke yarda da shi. Wanda zai sayi na'ura mai tsada ya sa kuɗin ondilar, wato akwatin batiri mai riƙe wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke ta, a lissafinsa. A wannan fanni Nintendo Switch da kwamfutar hannu suna da fifiko saboda batirinsu, kuma Skyrim da The Witcher 3 da Dragon Quest XI S duk suna kan Switch, ko da yake hotonsu bai kai na PS4 kyau ba. PS5 tana karanta mafi yawan faifan PS4, amma akwai ƙirarta da ba ta da wurin saka faifai, wadda ke rufe maka ƙofar sayen na hannu da musaya da abokai.

Game da saye ta intanet, shagon Steam na wasannin kwamfuta yana mayar da kuɗi idan ba a wuce kwana 14 ba kuma ba a yi wasan awa biyu ba, shagon GOG kuwa yana ba da wasan da za a iya ajiye shi a girka ba tare da intanet ba. A PlayStation, ƙarin labarin da aka saya dole ne ya dace da yankin faifan, don haka faifan Amurka ba zai karɓi ƙarin da aka saya da asusun Faransa ba.

Idan a Babbar Kasuwa ko wani shago za ka sayi faifai, juya kwalin ka karanta harsunan da aka jera, domin wanda ya shigo ta Najeriya ko Dubai wani lokaci ba ya da Faransanci. Duba ko an rubuta cewa ana buƙatar intanet, ka tambaya ko ƙarin labaran suna cikin faifan ne ko kuwa lambar takarda ce da mai shi na farko ya riga ya yi amfani da ita. Ka ɗaga faifan zuwa haske don ganin ƙarzuwa, sannan ka roƙi mai shagon ya saka shi a na'urarsa a gabanka har girkawar ta kammala, tun da faifan da ya lalace yakan fara aiki lafiya ya tsaya a rabi.